Neman likitocin jarirai daga tsirarun Amurka ba sassauci ba ne

Mutane da yawa suna ɗauka cewa idan asibitocin koyarwa a Amurka suka tashi neman likitoci baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka domin horon kula da jarirai sababbin haihuwa, sassauta musu sharuɗɗa ake yi. Ba haka ba ne. Duk mai son wannan fanni sai ya kammala karatun likita, ya yi shekara 3 a fannin yara, sannan ya ƙara wasu 3 a sashen da ake sa bakwaini a kwalba, kuma jarrabawar ƙwarewa ɗaya ce ga kowa. Kotun Ƙolin ƙasar ma ta hana jami'o'i fifita launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023.

Abin da ake yi shi ne a nemo su tun suna ɗalibai, a haɗa su da manyan likitoci masu yi musu jagora, wani lokaci a biya musu kuɗin zuwa samun gogewa a asibiti mai nisa.

Dalilin kuwa yana da nauyi: baƙar fata sun kai kusan kashi 13 cikin 100 na jama'ar ƙasar, amma ba su wuce kashi 6 na likitoci ba, alhali mutuwar jariransu kafin cika shekara ta ninka ta jariran farar fata.