Ga iyaye mata: kada mu bar 'ya'yanmu su kaɗai da maganar rigar mama

'Yan uwana iyaye mata, da duk wadda Allah Ya ɗora wa riƙon yarinya, ko 'yar cikinta ce ko ta ɗan uwa, akwai maganar da muke ta ɗagewa, yau gobe, yau gobe, har lokacinta ya wuce mu. Maganar rigar mama ce, da ranar da ya dace a saya wa yarinya ta farko. Da yawanmu mun yanke wata shekara a ranmu muna jira: sai ta shiga sakandare, sai ta cika 13, sai ta fara al'ada. Wasu kuma babu shekarar da suke jira, nauyin baki ne kawai ya ɗaure su. Shi kuwa jikin yarinya ba ya neman izinin kowa kafin ya fara aikinsa.

A wurin mafi yawan 'yan mata, ƙirgar dangi ita ce alamar farko ta balaga, kuma likitocin yara sun ce tana iya farawa a kowane lokaci tsakanin shekara 8 da 13. Ki dubi faɗin wannan tazara da kyau. A aji guda za ki samu wadda ƙirjinta ya fara tasowa tun tana da shekara 9, ga ƙawarta a gefe har ta kai 12 babu alamar komai, kuma dukkansu lafiyarsu ƙalau. Abin yakan soma ne da ɗan ƙullutu mai tauri a ƙarƙashin kan nono, mai zafi idan an taɓa, sau da yawa a gefe ɗaya kafin ɗayan ya biyo bayan makonni ko watanni. Wasu likitoci biyu a Ingila, Marshall da Tanner, su ne a 1969 suka kasa girman nono zuwa matakai biyar, kuma har yau da wannan ma'auni ake aiki a asibitoci. Wannan ƙullutu shi ne mataki na biyu, daga nan kuma zuwa cikar girma yakan ɗauki kimanin shekara huɗu.

Sai kuma mu daina auna 'ya'yanmu da ƙuruciyarmu. Ina yawan jin mace ta ce, "Ni fa sai da na kai shekara 14 na san wata bireziya." Ba ƙarya kika yi ba, amma lokaci ya matsa. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara binciken ƙasashe daban-daban daga 1977 zuwa 2013, ya nuna cewa shekarun fara ƙirgar dangi suna raguwa da kusan wata uku a duk shekara goma. Ƙaruwar ƙiba a tsakanin yara na cikin abubuwan da masana ke dangantawa da hakan. Ke nan idan 'yarki ta riga ki, ba wani abu ta yi ba, ba kuma wani abu ta gani ko ta ji ba. Sinadaran jiki ne ke gudanar da aikin, a kan lokacin da aka halicce ta da shi.

To yaya za ki gane lokaci ya yi? Kamar takalmi ne, ƙafa ake aunawa, ba a tambayar ranar haihuwa. Ki sa ido a kan yarinyar da kanta. Za ki ga wadda da take tafiya a miƙe ta fara ranƙwafa kafaɗu kamar mai doro. Za ki ga tana rungume jakar makaranta a ƙirji maimakon ta goya ta a baya. Tana yawan jan gaban rigarta don kada ta manne mata. Ana zafi ana gumi, ita tana fama da rigar sanyi, kin yi faɗa ta cire ta ƙi, kin ɗauka taurin kai ne. Ƙaninta ya ɗan buge ta a ƙirji garin wasa, ta saki ƙarar da ta fi ƙarfin bugun. Wadda ba ta gajiya da tsalle da guje-guje ta koma gefe tana kallon wasu suna yi. Duk wannan magana ce take yi miki, da bakin da take da shi. Yarinyar da ba ta taɓa jin an ambaci nono a gida ba tare da tsawa ba, ba za ta tako ta ce "Mama, ƙirjina yana min ciwo idan na yi gudu" ba.

Wannan janyewa daga wasa ita ce ta fi damuna, don ba a cika lura da ita ba. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun tambayi 'yan mata 'yan makaranta sama da 2,000, masu shekara 11 zuwa 18, a wani bincike da ya fito a 2016. Kusan rabinsu, kashi 46 cikin 100, sun ce nono ya shafi yadda suke shiga wasannin motsa jiki. Dalilin a fili yake. Nono ba shi da tsokar da za ta riƙe shi, fata ce da wasu siraran zaruruwa a ciki ke ɗauke da shi, don haka idan ana gudu yana motsi, motsin yana ciwo, ga kuma idon mutane. Yarinya ta bar motsa jiki a daidai shekarun da ƙashinta ke ginuwa, saboda 'yar rigar da uwarta ta ji kunyar saya mata. Wallahi wannan asara ce da za a iya kauce mata.

Na san abin da ke cikin zuciyar wasunmu, don ana faɗa. Wai idan an saya mata za ta ji ta girma, idonta zai buɗe, za ta fara rawar kai. 'Yar uwa, tsaya ki yi tunani. Girman ya riga ya zo, ko kin saya ko ba ki saya ba. Abin da hana ta zai yi shi ne ya bar ta a fili, ana kallonta ana zunɗenta, ita kuma ta koyi cewa jikinta abin kunya ne da ko uwarta ba ta son zancensa. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Tambayar da ba ki amsa ba, ƙawa za ta amsa mata, ko waya, ko wani wanda ba ki so ya san jikin 'yarki ya canza. Tarbiyya ba a cikin riga take ba. Tana cikin yadda kika zauna da ita, da ko ta yarda cewa idan ta kawo miki magana ba za ki kunyata ta ba.

Sauran camfe-camfen ba sa buƙatar dogon bayani. Rigar mama ba ta sa nono ya girma da wuri, ba ta kuma hana shi girma; gado da sinadaran jiki da nauyin jiki ne ke yanke wannan. Ba ta kawo ciwon daji. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2014 a kan mata sama da 1,000 masu cutar bai samu wata alaƙa ba. Abin da ke da haɗari na gaske shi ne a matse ƙullutun nan, ko a danne shi da wani abu, ko a ɗaure ƙirji tamau don a ɓoye girma. Wannan yana raunata naman da ke tasowa, kuma ba ya tsayar da balaga ko da kwana ɗaya. Kada kuma a bari wani ya tsaga ko ya cire ƙullutun da sunan ƙari ne, don idan aka cire shi, nonon wannan gefen ba zai girma yadda ya kamata ba.

Akwai kuma masu kuskure ta ɗaya gefen, masu azarɓaɓi. Yarinya 'yar shekara 10, a ɗauko mata irin ta manya, mai ƙarfe a ƙasa, mai soso mai kauri da ke ƙara girma. Me ya kai ta nan? Ƙarfen yana danna wurin da ke ciwo, soson kuma yana jawo mata idon da take gudu. Mai farawa, shimi mai ɗan kauri ko mai ninki biyu a gaba ya ishe ta. Idan abin ya ƙara tasowa, sai a koma ga 'yar gajeriyar rigar ciki mai laushi, ta auduga, wadda ke tsayawa ƙasan ƙirji da roba mai faɗi, babu ƙarfe babu maɓalli. Mai wasanni a nemo mata irin ta motsa jiki, wadda ke riƙewa sosai. Mai mazaunin nono da maɗauri a baya tana nan tana jiran lokacinta.

Wajen gwaji kada ki yi kirdado da ido daga nesa. Ta saka, ta ɗaga hannuwa sama. Idan rigar ta haura kan nono, ta yi mata yawa. Ki zura yatsu biyu ƙarƙashin robar, ya kamata su shiga ba tare da kokawa ba. Idan ta cire da yamma kika ga jan layi ya kwanta a kafaɗa ko a haƙarƙari, ta yi kaɗan. Kada ki sayi babba wai don ta girma a ciki, kada kuma ki miƙa mata ta yayarta da roba ta saki. Biyu ko uku sun wadatar don a riƙa wankewa ana canzawa, saboda gumi yana taruwa a wurin yana kawo ƙaiƙayi da ƙuraje. Da dare ta cire ta huta. Kuma ki sake dubawa duk bayan wata shida ko makamancin haka, don jikin da ke girma ba ya zama wuri ɗaya. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya, ki gaya mata tun kafin ta tsorata cewa haka yake ga mata da yawa.

Amma duk wannan mai sauƙi ne. Inda aikin yake shi ne yadda za ki buɗe baki. Ki kira ta ku biyu, ba a gaban ƙannenta ba, ba kuma lokacin da kike cikin faɗa ba. Magana kaɗan ta isa: "Zo nan 'yata. Na ga jikinki ya fara canzawa, kuma haka kowace mace take farawa, ni ma haka na yi. Yana miki zafi? Akwai 'yar rigar da ake sawa a ciki don a ji daɗi, in kina so mu je ki zaɓa." Sai ki yi shiru ki saurara. Wata za ta sunkuyar da kai ta yi murmushi, don ta daɗe tana jira. Wata za ta ce ba ta so. Kada ki tilasta mata, ki ajiye mata a inda take ajiye kayanta, za ki ga ranar da ta ɗauka. Wata kuma ita za ta fara roƙo tun babu komai a ƙirjin, don ƙawayenta duk sun saka. Wannan ma kada ki yi mata dariya. Mai laushi marar soso ba za ta cutar da ita ba, kuma zuwan da ta yi wurinki da bakinta ya fi kuɗin rigar daraja.

Don Allah kuma mu kama bakinmu. Kada sirrin yarinya ya zama abin hira da ƙawaye da dangi, a riƙa cewa "Iye, su wance an zama 'yan mata!" tana tsaye tana ji. Mu muna ganin wasa ne, ita kuwa ji take kamar ƙasa ta tsage ta shige. Yayye da ƙanne maza a ja musu kunne tun farko, babu tsokana a kan jikinta. Uba kuma, ko da ba shi zai yi zancen ba, ya bayar da abin saye ba tare da dogon bincike ba, kuma kada ya janye fara'arsa daga 'yarsa don ta fara girma, har ta ɗauka wani laifi ta yi. Idan babu uwa a gidan, ya nemo mace amintacciya da yarinyar ta saba da ita. A wannan zaman ne kuma za ki gaya mata a sarari cewa babu wanda ke da ikon taɓa ƙirjinta ko yi mata maganar banza a kansa, ko ɗan gida ne ko malami, kuma idan hakan ta faru ta zo ta faɗa miki, ba za ki dake ta ba.

Likita ake nema idan ƙirgar dangi ta fara kafin shekara 8, ko yarinya ta kai 13 babu alama, ko aka ga ja da kumburi da zazzaɓi, ko ruwa ko jini na fita daga kan nono. Haka nan idan ta kai 15 ba ta ga al'ada ba.

Ita al'adar, yawanci takan zo ne shekara biyu zuwa uku bayan fara ƙirgar dangi. Don haka ranar da kika sayi rigar farko, ki san cewa zance na biyu ya kusa. Ki fara gaya mata tun yanzu abin da za ta gani da abin da za ta yi, ki nuna mata yadda ake sa audugar mata, ki sa mata guda ɗaya ko biyu a aljihun jakar makaranta, don kada ranar ta same ta a aji ba ta san komai ba.