Wasan Super Eagles ba kayan DStv ba ne

A nan Birtaniya inda nake zaune, kallon ƙwallo na cin kuɗi sosai. Tun 1992 da aka kafa gasar Firimiya, tashar Sky, wadda ake biyan kuɗi kafin a kalla, ke riƙe da mafi yawan wasanninta, kuma wanda bai biya kuɗin wata ba sai dai ya tafi mashaya ko ya jira a nuna masa gutsattsarin wasa da dare. Amma akwai iyakar da dokar watsa shirye-shirye ta 1996 ta shata. Gasar cin kofin duniya, gasar ƙasashen Turai, Olamfik, wasan ƙarshe na kofin FA da na gasar tanis ta Wimbledon, duk an ware su, ba a yarda tashar biya ta kulle su ita kaɗai ba. Shi ya sa kofin duniya a BBC da ITV ake kallonsa. Gaskiya ne kowane gida mai kallon talabijin na biyan lasinsa sama da fam 170 a shekara, amma da shi ɗin ka gama.

Mu fa? A 2013 Super Eagles suka ɗauko kofin Afirka a Johannesburg, Sunday Mba ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya tilo, amma tashoshinmu na gida ba su daidaita da masu haƙƙin nuna gasar kan farashi ba. Mai DStv ya kalla a falonsa, saura suka cika gidajen kallo ko suka rungumi rediyo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasan ƙarshe na Fabrairun 2024 da Kwaddibuwa: a BBC na kalle shi, a ƙasar da ba ta ma cikin gasar, alhali a gida sai da aka kusa fara gasar ana ta zullumin wace tasha ce za ta nuna.

Za a ce ai akwai gidan kallo, kuɗin shiga kaɗan ne, ga janareta ko an ɗauke wuta. Haka ne, kuma ban raina sana'ar ba. Amma a Kano ko Gusau, wa ke shiga gidan kallo? Samari ne. Matar aure ba ta zuwa, budurwa ba ta zuwa, dattijo na jin nauyin cusa kansa cikin yara, uba kuma ba ya barin ɗan shekara takwas ya fita da dare. Ke nan idan wasan ƙasa ya koma can, an rufe wa fiye da rabin gida ƙofa. Ingila ta ɗanɗana irin wannan da wasan kurket: a 2005 miliyoyi suka kalli karawarsu da Ostareliya a Channel 4, daga 2006 aka sayar wa Sky, masu kallo suka ragu ƙwarai.

Ban ce a taɓa Firimiya ko La Liga ba, wannan kasuwa ce, mai so ya biya. Amma ƙungiyar da ke sa rigar ƙasa, ake rera mata taken ƙasa, ake biya mata alawus daga baitulmali, hukuncinta daban. Indiya ta yi doka a 2007 da ta tilasta wa duk mai haƙƙin nuna wasan da ya shafi ƙasa ya raba shi da tashar gwamnati, Doordarshan. Majalisar Tarayya za ta iya yin irinta, ta sa wasannin Super Eagles da Super Falcons a ciki, sannan a ware wa NTA kuɗin sayen haƙƙin tun cikin kasafin shekara, ba sai ana saura mako guda a take wasa ba.