Kyautar santi 30 da ta hana ni barci wata takwas

Wallahi raina a ɓace yake, kuma da kaina na fara fushi kafin in kai ga masu shafukan wasan sa'a na intanet da ake kira sweepstakes casino. Wani abokin aikina ne a nan Houston ya nuna min abin a wayarsa. Ya ce, "Malam, wannan ba caca ba ce, kyauta suke rabawa kullum, shiga kawai za ka yi ka ɗauka." Na san banza ba ta kai zomo kasuwa, amma na biye masa.

Kuɗi iri biyu suke ba ka. Gold Coins tarkace ne, ko miliyan ka tara ba za su saya maka ruwan sha ba. Sweeps Coins su ne ƙugiyar, kowane ɗaya dala ɗaya. Kullum ka shiga a ɗiga maka na santi 30, wani wurin dala guda. To amma ba ka fitar da ko sisi sai ka fara buga su a injin wasan sa'a na shafin, kuma sai sun kai 100, wasu wuraren 50. Buga lissafi: santi 30 a rana, kwana 334 ke nan, idan injin bai lashe su a hanya ba. Kuma yana lashewa.

Sai na buɗe a wurare bakwai, na sayi littafi na ja layi kamar mai karɓar adashi. Nan wahalar take. Wannan sai awa 24 ta cika daga lokacin da ka ɗauka, wancan sai sha biyun dare, kuma ba da agogon Texas ba. Ka tsallake rana ɗaya a mayar da lissafin kwanakin da ka jera farko. Na wayi gari ina duba waya da asuba tun kafin in yi alwala, abin kunya. Kuma duk shigar da ka yi sai tallan dala 9.99 ya tare maka fuska, wai Gold Coins kake saye, Sweeps ɗin tukuici ne. Wa ake yi wa wayo? Sau nawa na danna, ba zan faɗa ba.

Wannan tukuicin shi ne dabarar. A dokar Amurka sai an biya kuɗi abu yake zama caca, shi ya sa suke cewa ba dole ka saya ba, har da hanyar neman Sweeps kyauta ta aika kati rubutun hannu ta gidan waya. Na aika goma, suka ƙi shida, wai rubutuna ya kauce wa ƙa'ida.

Da ƙyar na haɗa 100 a wuri ɗaya. Ranar ce suka tuna ba su san ni ba: kawo lasin tuƙi, kawo hoton fuska, kawo takardar wuta mai sunanka. Mu uku muke haya, takardar da sunan wani take zuwa. Lokacin da kuke cirar 9.99 daga katina, wa ya tambaye ni takardar wuta? Saƙo biyar na tura, amsa iri ɗaya ke dawowa, ko waƙafi ba a canja ba.

A New York, Antoni Janar Letitia James ta taka wa irin waɗannan shafuka 26 birki a 2025, California ma ta haramta su. Ni kuwa dala 100 ɗina mako uku ke nan wai ana dubawa, kuma jiya ƙarfe biyun dare wayata ta sake ƙara, wai in zo in ɗauki santi 30.