Rubutu ya daina fitowa a tamina? Ba kibod ba ne

Masu koyon Python a Marwa da Garwa kan kira vim (shirin gyara rubutu) ko ssh (shirin shiga wata kwamfuta daga nesa) ta subprocess, hanyar da Python ke kunna wani shiri, shirin da aka kira ya mutu, sai a yi ta danna haruffa ba sa fitowa. Nan take a ɗora wa kibod laifi, wasu har su kashe kwamfuta.

Kibod lafiyarsa lau. A Linux, saitin shigar da rubutu na tamina ne, wato tagar da ake rubuta umarni a ciki, duk shirye-shiryen da ke cikinta shi suke rabawa. A yanayin da aka saba, tamina tana tara layi har a danna Enter, tana kuma nuna kowane harafi. vim yana kashe duka biyun, wato ICANON da ECHO, domin ya karɓi harafi ɗaya-ɗaya. In aka kashe shi da kill -9, umarnin da ke tsayar da shiri nan take da ƙarfi, ba ya samun damar mayar da su.

Gyaran gaggawa: rubuta stty sane ko da ba ka gani, sannan Ctrl-J, don wani lokaci Enter ma ba ta aiki.

Amma gara a toshe matsalar tun daga shirin Python ɗin. Adana saitin da termios.tcgetattr kafin kiran umarnin, ka mayar da shi da tcsetattr a cikin finally (sashen try da ke gudana ko me ya faru), domin ko kuskure ya faru a mayar.