Kasuwa na cinye gidajen Fagge, ya kamata hukuma ta shata mata iyaka

Duk wanda ya ratsa lungunan Fagge da ke daura da Kantin Kwari a 'yan shekarun nan ya ga sauyin da idonsa. Zauren da a da ake shimfiɗa wa tabarmi bayan la'asar yara suna biya allo, yau an saka masa ƙofar ƙarfe, an cika shi da dilolin atamfa da shadda har rufi. Gidan da ke maƙwabtaka da shi kuwa an rushe shi, an tayar da bene mai hawa uku, ƙasa shaguna, sama ɗakunan ajiyar kaya, ba a bar ko ɗaki ɗaya da iyali za su kwana a ciki ba.

Kasuwanci ba baƙo ba ne a Fagge. Tun asali zango ce a bayan ganuwar Kano, inda ayarin Buzaye da sauran fatake suke sauke kaya, kuma bayan layin dogo ya iso Kano a 1911, Kwarori 'yan asalin Lebanon da Siriya suka kafa kantunansu a gefenta. Sai dai a duk tsawon wannan zamani ciniki da zama tare suka taso, mutum yana kasa hajarsa a gaba, iyalinsa suna bayan gida. Abin da ke faruwa yanzu daban ne, domin kasuwa tana korar mazauna ne baki ɗaya, a ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta nuna tana da mutum kusan 200,000.

Darajar zama a Fagge ba a kyawun gine-gine take ba, a kusanci take. Mazaunin unguwar zai taka da ƙafa zuwa Kwari, ko Singa, ko kasuwar Sabon Gari, ko wajen 'yan canji na Wapa, kuma idan ciwo ya taso cikin dare Asibitin Murtala ba shi da nisa. Ga tela da ɗan dako da mai sayar da abinci, wannan kusancin shi ne jarin da ya fi kowanne, tunda kuɗin da wani zai kashe a adaidaita sahu safe da yamma su cefane suke yi da shi.

Yawanci rabon gado ne ƙofar da sauyin yake shigowa ta ciki. Maigida ya rasu ya bar 'ya'ya goma ko fiye, gidan ba zai rabu ba, ga kuma ɗan kasuwa ya taya shi da farashin da babu wani magaji da zai iya biyan 'yan'uwansa. Ba na ganin laifin magada, haƙƙinsu ne, ba na kuma ganin laifin mai saye. Amma idan aka raba kuɗin, kason kowa ba ya wuce fili ko ƙaramin gida a can gefen gari, wajen Gaida ko Rimin Kebe ko Danbare, inda sau da yawa babu kwalta, babu magudanar ruwa, babu asibiti a kusa. Washegari kuma mutumin nan Kwari zai dawo neman abinci, ya ƙara wa titin IBB cunkoso. 'Yan haya su ne suka fi shan wuya, domin su ko kason ba su da shi, wa'adin tashi kawai ake ba su.

Waɗanda suka rage ma ba su tsira ba. Da sassafe za ka ga 'yan garuwa suna tura kura cike da jarkoki a lungun da aka shimfiɗa wa bututun famfo tun zamanin kakanni, kuma masu hali sun koma haƙa rijiyar burtsatse kowa a gidansa. Kwatocin da aka gina domin ruwan wanka da wanke-wanken gidaje yanzu ledoji da kwalayen kasuwa ne suke toshe su, wasu ma an ɗora gini a kansu. Ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata kaya masu yawa, ta kuma nuna cewa su kansu 'yan kasuwar suna biyan kuɗin wannan rashin tsari.

A ganina maganin yana hannun hukumar tsara birane ta jihar, wato KNUPDA, domin ita ce mai ba da izinin gini da na sauya amfanin fili. Ya dace ta ware layukan da kasuwa za ta iya faɗaɗa a cikinsu, ta kuma ware waɗanda za su ci gaba da zama na gidaje. A inda aka amince da bene mai shaguna, a shar'anta cewa hawa na sama ya zama wurin zama mai ruwa da banɗaki da matakala tasa daban, a kuma tilasta wa mai ginin barin hanyar ruwa da wajen sauke kaya. Manyan ɗakunan ajiya sun fi dacewa da bakin titunan da ke kewaye gari, inda tirela za ta shiga ta fita ba tare da ta tare ƙofar gidan kowa ba. Wani kaso na harajin da ake karɓa a Kwari da Singa kuma ya kamata a gan shi a famfo da kwata da makarantun firamare na unguwannin da suke ɗauke da nauyin waɗannan kasuwanni.