Ka san hanya, amma hazo bai san ka ba

Ƙannena masu riƙe da sitiyari, da ku 'yan acaɓa da masu Adaidaita da ke jigila tsakanin ƙauyukanmu, ina yi muku sallama. Hunturu ya kankama, leɓe ya fara tsagewa, kaushi ya fito, kowa ya lalubo rigar sanyinsa daga ƙasan akwati. Tun daga Nuwamba har wajen Maris haka za mu yi ta fama da wannan iska da ke kaɗowa daga arewa maso gabas. Mafi yawan ƙurar da take ɗauko mana daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin Chadi, inda wani tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi kamar toka. In ta yi kauri, jirgin sama ma fasa sauka yake yi a filin Malam Aminu Kano. To matuƙin jirgi da na'urorinsa ya haƙura, kai da ke cikin tsohuwar bas mai fitila ɗaya, me ka taka?

Bari in ba ku labarin abin da ya sa nake wannan magana. Wata Alhamis ce cikin Janairu, shekarun baya, na yi lodin 'yan kasuwa daga Kano tun kafin kiran assalatu, za mu ci kasuwar Maigatari. Muka yi sallar asuba a Gujungu, na kurɓi shayi a tsaye, muka ɗauki hanyar Gumel. Hazo ya sauko har ba ka rabe ƙasa da sama. Ni kuwa hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, kowane rami, kowace kwana, don haka ban ɗaga ƙafa daga totur ba. Kafin Gagarawa sai kawai na ga wani abu fari-fari ya tsaya mini a gaba. Amalanken shanu ne, an labta masa karan dawa har ya yi fiffike hagu da dama, ba fitila, ba ko ƙyallen da zai ɗauki ido. Na murɗe sitiyari, karan ya share gefen motar ya tafi da madubi, muka gangara cikin yashi muka tsaya. Da na fito ƙafafuna suna rawa, sai na tarar da yaron da ke kora shanun, bai fi shekara goma sha biyu ba, ya ƙudundune cikin buhu a saman karan, barcinsa yake yi. Shanun ne ke tafe da kansu. Wani dattijo da ke gidan gaba ya dube ni ya ce, "Direba, kai ka san hanya, amma shanun nan ba su san ka ba." Har muka isa Maigatari ban sake buɗe baki ba.

Sanin hanya shi ne tarkon da ya fi kama mu. Baƙo yana tafiya a tsorace, shi ya sa yakan tsira. Ɗan gida kuwa da ƙwaƙwalwa yake tuƙi, ya manta cewa abin da ya haddace jiya kwalta ce kawai, bai haddace abin da aka ajiye a kanta yau ba. A wannan lokaci na kaka da rani, titinmu na kowa ne. Ga amalanke, ga garken shanu za su tsallaka, ga shanyar shinkafa ko barkono a gefen kwalta an kewaye da duwatsu, ga tifa ta lalace an bar ta a tsakiyar hanya da 'yan ganyen da iska ta riga ta kwashe, ga 'yan makaranta sun rufe kai da kunne saboda sanyi, ko hon ɗinka ba sa ji.

Ku yi lissafin da ni ban yi ba a ranar. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Tsakanin idonka ya ga abu da ƙafarka ta kai kan birki, daƙiƙa guda ta tafi, in ma kana a farke ke nan. Sannan birkin kansa zai ja ka wajen mita 45 kafin mota ta tsaya, a kan busasshiyar kwalta da taya mai kyau. Ka ga mita 70 ke nan, kusan kashi biyu cikin uku na filin ƙwallo. In ka yi lodin buhunan riɗi a but, mutum huɗu a kujerar mutum uku, taya kuma ta suɗe, sai ka ƙara. A gudun 50 kuwa duka-duka bai kai mita 30 ba. Abin da yawancinmu ba mu lura da shi ba, in ka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke buƙata sau huɗu yake ninkuwa. Saboda haka ka dubi iyakar inda idonka ya tsaya cikin hazon, ka tambayi kanka: in jaki ne kwance a can, zan iya tsayawa kafin in kai shi? In amsar a'a ce, gudunka ya wuce ganinka, sai ka sassauta. Dokar hanya ta ba motar haya 80 a babbar hanya, 50 a cikin gari, amma wannan na ranar da gari ya washe ne.

Sai maganar fitila, wadda kullum muke musu a kanta a tasha. Yaro yana ganin hazo sai ya ɗaga fitila sama, wai don ya hango nesa. Ƙura ce a cikin iskar, hasken na dukanta sai ya dawo maka cikin ido, ka ga farin bango a gabanka, wanda ke tahowa kuma ka makantar da shi. Ka sauke ta ƙasa, ta haska maka kwalta. Kuma ka kunna ta ko da rana tsaka, domin amfaninta a lokacin a gan ka ne. Fitilun baya ma ka sa tsumma ka goge su kafin ka tashi, ƙura takan rufe su ruf har wanda ke bin ka bai san ka taka birki ba. Obatekin cikin hazo kuwa, wallahi caca ce da ran mutane. In tirela ta tare ka daga Wudil, bi ta a hankali da tazara, ko da za ta kai ka Birnin Kudu.

Gilashi yana da nasa sha'ani. Da sanyin safiya fasinja kowa ya rufe taga, numfashin mutum goma sha ya taru ya yi gumi a jikin gilashin gaba, sai ka ga direba yana tuƙi da hannu ɗaya yana gogewa da hularsa. Ka ɗan sauke taga kamar faɗin yatsa biyu, za su yi ƙorafi, bar su su yi. Kada kuma ka kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, kankare gilashin take yi, ran da rana ta fito ƙasa-ƙasa ko fitila ta haske ka sai duk zanen ya tashi. Jarkar ruwa a mota ba ta da tsada.

Taya takan rage iska da sanyi, a auna ta da safe kafin ta ɗau zafi. A jikinta akwai lamba huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara 4 take lissafa wa taya, don haka ku masu sayen ta gwanjo ku riƙa dubawa. Batir mai rauni shi ma a hunturu yake tona wa mai shi asiri.

Ku 'yan acaɓa, naku ya fi ba ni tsoro. Mutum ya naɗe fuska da rawani har ido ɗaya ne a waje, hawaye na zuba saboda iska, yatsu sun sandare ba sa jin birki, ga mutum uku a baya. Safar hannu da tabarau da hular kwano duka ba su kai kuɗin ɗaurin karaya ɗaya ba. Gadagi da ƙwaya da ake sha wai don maganin sanyi, jiki suke ruɗa, ka ji kamar kai ne sarkin hanya alhali hankalinka ya yi baya. Haka ku masu kwana a mota a tasha ko bakin kasuwa: kada a shigar da kaskon gawayi a rufe gilashi, kada a bar inji yana aiki a kwanta. Hayaƙin da ke kisa ba shi da wari, ba shi da launi, barci kawai mutum zai ji yana daɗa yi masa daɗi.

Na san abin da za ku ce. Mai mota yana jiran balas da yamma, fasinja na cewa kasuwa za ta watse, wani ma har gori zai yi maka wai tuƙin tsofaffi kake yi. Wani kuma ya ce ai komai ƙaddara ce. Gaskiya ne, amma wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙumarsa ya yi tawakkali, ce masa aka yi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Kasuwar Wudil ta Juma'a da ta Ɗambatta ta Lahadi ba a taɓa ɗage su don wani ya makara da awa guda ba. Sau da yawa in ka jira rana ta ɗan ɗaga, ganin hanya yakan ƙaru.

In kuma hazon ya fi ƙarfinka, ko hayaƙin ƙunar daji ya rufe titi, ko mota ta mutu, kada ka tsaya a kan kwalta. Sauka can gefe sosai, ka kunna sigina biyu, ka fitar da fasinja su koma nesa da titi, ka kai alamarka ta gargaɗi mai kusurwa uku baya da nisa yadda mai tahowa zai gan ta da sauran lokacin taka birki. In haɗari kuka tarar, a kira 122, lambar FRSC ce kuma kyauta ce, a sa mutum biyu su tare hanya ta kowane ɓangare, sauran jama'a su ja baya. In tankar mai ce ta faɗi, ko kusa kada a je. Mu da ke bin hanyar Haɗeja ba mu manta Majiya ba, a Oktoban 2024, inda wuta ta ci mutum fiye da 150 da suka taru a wajen tankar da ta kife. Har yau in na zo wucewa ta wurin, fasinjana kan yi tsit sai mun bar garin.