Hausawan Lokoja ba duka jikokin sarakunan da aka tsige ba ne

Ana yawan cewa Hausawan Lokoja sun fara zama a garin ne bayan Turawa sun kai sarakunan da suka tsige can, kuma duk tsohon gidan Hausawa a garin jinin sarauta ne. Akwai dalilin wannan zato: Sarkin Kano Aliyu Babba a Lokoja ya rasu a 1926, Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi ma can aka kai shi, kuma kaburburansu suna nan ana ziyarta.

Sai dai garin ya girmi zuwansu. Mutanen ƙabilar Oworo sun daɗe a kan Dutsen Patti da ke Lokoja. Wajen 1860 likita William Baikie ya kafa kasuwa a mahaɗar kogin Kwara da Binuwai, da yardar Etsu Nupe Masaba. Bayin da aka fanso suka zauna, Nufawa da Kakanda masu jiragen ruwa suka zo, fataken Hausawa suka biyo ciniki. Lokacin da Gwamna Lugga (Lugard) ya ɗaga tutar Ingila a can ranar 1 ga Janairu 1900, an kai shekara 40 ana auratayya tsakanin waɗannan mutane.

Shi ya sa mai bin salsala ta wajen uba kaɗai yake ɓata hanya. Ɗauki gidan da kakansu falke ne daga Kano, ya auri Banufiya, ɗansu kuma ya auri 'yar Kakanda. Sunan gidan na Hausa ne, amma dangin uwa suna Bida da ƙauyukan bakin kogi. A tambayi tsofaffin mata tukuna, su suka riƙe waɗannan sunaye.